Tashi Ka Ci, Tafiyar da Sauran Nisa

'Yan'uwana matasa cikin Almasihu, salama a gare ku.

Akwai gajiyar da barci ba ya maganinta. Wanda ta taɓa kamawa ya san abin da nake nufi. Ka kwanta da wuri, ka tashi da safe, amma zuciya tana nan a danne kamar an aza mata dutse. Shekara uku ko huɗu ke nan da gama karatu, takardun neman aiki sun shiga ko'ina, shiru kake ji. Ko jinyar mahaifiya ta cinye ɗan abin da aka tara. Ko maganar aure ta watse bayan kowa ya riga ya ji labari. Ranar Lahadi ka yi wanka ka shiga sujada, ana waƙa kana motsa baki, a tambaye ka yaya gida ka ce lafiya lau, mun gode Allah. Ka dawo ɗaki ka turo ƙofa, kai kaɗai ka san abin da ke cin ka. Da kai nake magana yau, da ke kuma 'yar'uwata.

Ina so mu zauna kaɗan a kan labarin annabi Iliya, domin a nan ne ni kaina na sami abin riƙewa lokacin da ƙafafuna suka yi sanyi.

Kowa yana son sura ta 18 ta 1 Sarakuna. Iliya shi kaɗai a kan Dutsen Karmel, annabawan Ba'al 450 a gabansa suna ta ihu tun safe har yamma babu mai amsa musu. Shi kuwa ya sa aka kwarara ruwa a kan hadayarsa har sau uku, ya yi gajeriyar addu'a, wuta ta sauko ta cinye hadayar da itacen da duwatsun, ta lashe ruwan da ke cikin rami. A ranar kuma aka yi ruwan sama bayan fari na shekara uku da rabi. Wannan wurin masu wa'azi ba sa gajiya da shi. Amma juya shafi ɗaya tak. Sarauniya Yezebel ta aiko da saƙo cewa gobe war haka sai ta ga bayansa. Mutumin da ya tsaya gaban ɗaruruwa jiya, yau ya cika wandonsa da iska. Ya gudu har Biyersheba, ya bar baransa a can, ya nausa cikin jeji tafiyar yini guda, ya zube a gindin wani itace ya ce wa Allah ya isa haka, ya ɗauki ransa, shi bai fi kakanninsa ba.

Annabin Allah ne fa yake roƙon mutuwa. Littafi Mai Tsarki bai ɓoye wannan ba, bai kuma yi masa kwaskwarima ba. Yakubu a wasiƙarsa ya ce Iliya mutum ne kamar mu. Don haka idan ka taɓa jin zuciyarka ta karye har ka ce ka gaji da komai, kada Shaiɗan ya ƙara maka kaya da cewa kai ba mai bi na gaskiya ba ne.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne yadda Allah ya bi da shi. Da ni ne, da wataƙila na fara da faɗa: kai da ka ga wuta ta sauko jiya, mene ne na gudu? Allah bai ce masa haka ba. Ya bar shi ya yi barci. Sannan mala'ika ya taɓa shi ya ce ya tashi ya ci. Ya duba wajen kansa, ga gurasa gasasshiya da tulun ruwa. Ya ci, ya sha, ya koma ya kwanta. Mala'ikan ya sake dawowa karo na biyu ya ce ya tashi ya ci, domin tafiyar ta fi ƙarfinsa. Babu tsawa, babu dogon wa'azi. Abinci, ruwa, barci.

Wannan ya kamata ya gyara mana wani tunani. Mu matasa mukan ɗauka duk wata karaya matsala ce ta ruhaniya zalla, maganinta ƙarin azumi da kwanan addu'a. Azumi yana da wurinsa, ba na raina shi. Amma mutumin da ya yi makonni ba ya barcin kirki, ba ya cin abinci yadda ya kamata, yana raba dare a kan waya, duk inda ya duba duhu zai gani. Jikin nan Allah ne ya yi shi, ya kuma san iyakarsa. Wani lokaci abin da biyayya take nema a gare ka a daren nan shi ne ka ajiye waya, ka ci abin da ya samu, ka kwanta. Idan kuma nauyin zuciyar ya daɗe bai ɗaga ba, har tunanin cutar da kanka ya fara zuwa maka, ina roƙon ka saboda Allah kada ka kwana da shi kai kaɗai. Ka gaya wa wani babba da ka yarda da shi yau, ku je ku ga likita. Ciwon damuwa ciwo ne da ake jinyarsa, zuwa asibiti kuma bai rage wa kowa bangaskiya ba. Luka da ya rubuta mana bishara likita ne.

Da ƙarfin abincin nan Iliya ya yi tafiyar kwana 40 har Dutsen Horeb, ya shiga kogo. Allah ya tambaye shi me yake yi a nan. Amsarsa ita ce amsar duk mai karyayyar zuciya: na yi himma, na yi iya ƙoƙarina, ga shi ni kaɗai na rage. Daga baya Allah ya sanar da shi cewa akwai mutum 7,000 a Isra'ila waɗanda ba su durƙusa wa Ba'al ba. Iliya ba ƙarya ya shirya ba, abin da yake gani ke nan daga cikin kogo. Karaya haka take, tana ƙuntata ido. Ka tuna kuma shi da kansa ya bar baransa a Biyersheba kafin ya shiga jeji. Mu ma haka muke yi. Abu na fari da mai damuwa yake yankewa shi ne zumunci. Ya daina zuwa taron matasa, ya daina ɗaga waya, yana gudun tambayar nan mai ciwo ta "yaya maganar aikin?" Daga baya kuma ya ce babu wanda ya damu da shi.

Na yi wannan da kaina. Akwai shekarar da al'amura suka tsaya mini cak, kunya ta sa na janye jiki daga kowa. Wani dattijo a ikilisiyarmu ya lura. Ya zo ya same ni, bai buɗe mini ko aya ɗaya ba a ranar. Ya zauna ya saurare ni har na gama zubar da abin da ke cikina, ya yi mini addu'ar da ba ta kai minti biyu ba, ya ce zai dawo mako mai zuwa. Ya kuwa dawo. Matsalata ba ta warware a lokacin ba, sai da aka ƙara watanni. Amma daga ranar na daina jin kamar ni kaɗai ne a duniya. Bulus ma ya ce lokacin da suka isa Makidoniya babu hutu, faɗa a waje, tsoro a ciki, Allah ya ta'azantar da su ta wurin zuwan Titus. Mutum aka aiko masa, mai ƙafa biyu. Ubangiji Yesu kansa a Getsamani ya ja Bitrus da Yakubu da Yahaya kusa, ya gaya musu ransa yana cikin baƙin ciki har kamar ya mutu, ya ce su zauna a faɗake tare da shi. In shi bai ji kunyar faɗin haka ga abokansa ba, ni da kai wa muke ɓoye wa? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Yanzu bari in taɓo abin da yake ɓata mini rai. Akwai koyarwar da ta yaɗu wadda take sa matashi ya ɗauka cewa in dai yana da bangaskiya, wahala ba za ta kusance shi ba, in kuwa ta zo to akwai zunubin da yake ɓoyewa, ko bai bayar da abin da ya isa ba. Wannan koyarwa ta raunata mutane da yawa. Ita ce ainihin maganar abokan Ayuba, Elifaz da Bildad da Zofar. Kwana bakwai da suka zauna da shi shiru sun kyauta. Da suka buɗe baki suka fara laƙa masa laifi, a ƙarshen littafin Allah ya ce bai ji daɗinsu ba, domin ba su faɗi gaskiya game da shi ba. Almajirai sun ga mutumin da aka haifa makaho suka tambaya wa ya yi zunubi, shi ko iyayensa. Yesu ya ce babu ko ɗaya.

Duba Bulus a 2 Korantiyawa sura 11. Sau biyar aka yi masa bulala 39. Sau uku aka doke shi da sanduna, sau ɗaya aka jajjefe shi da duwatsu, sau uku jirgin ruwa ya fashe da shi. A farkon wasiƙar ya ce abin da ya same su a Asiya ya yi nauyi har suka fid da ran za su rayu. Ya roƙi Ubangiji sau uku a cire masa ƙayar da ke jikinsa, amsar da ya samu ita ce alherin Ubangiji ya ishe shi. Ƙayar tana nan. Wa zai ce Bulus bangaskiya ce ta yi masa kaɗan? A Ayyukan Manzanni sura 12, Hirudus ya kashe Yakubu ɗan'uwan Yahaya da takobi, ya kama Bitrus, mala'ika ya fitar da Bitrus daga kurkuku. Sura ɗaya, manzanni biyu, Ubangiji ɗaya. Muna son shaidar Bitrus, amma Yakubu ma bai faɗi ba. Shi ya sa maganar Shadrak da Meshak da Abednego a gaban Nebukadnezzar take da nauyi: Allahnmu yana da ikon cetonmu, amma ko da bai cece mu ba, ba za mu yi wa gunkinka sujada ba. Bangaskiyar da za ta ɗauke ka shekaru sai tana da wannan "ko da" a cikinta.

Kada kuma ka daina addu'a don kawai ba ka da kalmomi masu daɗi. Zabura 13 ta tambayi Allah "har yaushe" sau huɗu a ayoyi biyu na farko. Zabura 88 ta fara da kuka ta ƙare da duhu, babu ko ayar murna a ƙarshenta, duk da haka tana cikin Maganar Allah. Mai gunaguni yana maganar Allah a bayan idonsa, mai makoki kuwa yana kawo kukansa gabansa. Kawo naka yadda yake.

Inda na fi ji muku tsoro shi ne wurin jira. Yusufu yana da shekara 17 aka sayar da shi, yana da 30 ya tsaya gaban Fir'auna. Shekara 13 ke nan tsakanin bauta da kurkuku, cikinsu har da biyu cur da mai shayar da sarki ya manta da shi bayan ya roƙe shi ya tuna da shi. Mu muna karanta wannan cikin minti goma domin mun san ƙarshen labarin. Shi bai sani ba. Abin da ya sani kawai shi ne ba zai taɓa matar maigidansa ba, kuma duk aikin da aka damƙa masa, ko a kurkuku ne, zai riƙe shi da amana. William Carey, mai wa'azin bishara ɗan Ingila, ya isa Indiya a 1793, sai ƙarshen 1800 aka yi wa mutum na farko ɗan ƙasar baftisma ta wurin aikinsu. A tsakanin nan ya binne ɗaya daga cikin ƙananan 'ya'yansa. A 1812 gobara ta cinye maɗaba'arsu a Serampore tare da rubuce-rubucen fassara na shekaru, suka sake zama suka fara.

A lokacin jira ne gajeriyar hanya take yin kyau a ido. Ka buɗe waya ka ga sa'anka ya sayi mota, ƙawarki ta yi aure, wanda ka san ta hanyar damfara yake samu ana ta yi masa kirari. Asaf ya riga mu jin wannan. A Zabura 73 ya ce saura kaɗan ƙafarsa ta zame da ya ga arzikin mugaye, har ya fara tunanin a banza ya tsare zuciyarsa da tsabta, sai da ya shiga Haikalin Allah ya gane ƙarshensu. 'Yan'uwa, garin neman gira kada a rasa ido. Kuɗin zamba, bin mai aure don biyan bukata, zuwa wurin boka a ɓoye, ƙwayar da za ta sa ka manta na awa biyu, duk suna zuwa da fuskar taimako. Wahalar da kake ciki yanzu ba ta taɓa lamirinka ba tukuna. Kada ka miƙa mata shi da hannunka.

A Horeb aka yi iska mai farfasa duwatsu, aka yi girgizar ƙasa, aka yi wuta, Ubangiji ba ya cikin ko ɗaya. Bayan su sai wata murya siririya a hankali, Iliya ya rufe fuskarsa da mayafi ya fito bakin kogon. Allah ya sake yi masa tambayar nan, ya sake ba da amsa iri ɗaya, kalma a kan kalma. Wato har a lokacin zuciyarsa ba ta gama warkewa ba. Duk da haka Allah ya ce ya koma ta hanyar da ya biyo, ya ba shi aiki: ya keɓe Haza'el, ya keɓe Yehu, ya keɓe Elisha ya gaje shi. Yezebel tana nan a fada, barazanarta ba a janye ba. Iliya ya sauko daga dutsen haka nan, ya tarar da Elisha ɗan Shafat yana huɗa da shanu, ya jefa masa mayafinsa. Elisha ya yanka shanunsa, ya yi sallama da mutanensa, ya bi shi yana yi masa hidima. Mutumin da ya shiga jeji shi kaɗai ya ci gaba da tafiya su biyu.