Wallahi bututu ne

Kun dai san tankin kifin nan nawa na ruwan gishiri da ke falo, wanda uwargida ke kira kishiyarta, to tun da na haɗa masa tankin ƙasa ba a sake barcin kirki a gidan nan ba. Wanda bai taɓa leƙa cikin kabad ɗin ba, ga yadda abin yake: ruwa na malalowa daga tankin sama ya bi bututu ya sauka wani ƙaramin tanki a ƙasa inda ake tace shi, inji ya sake tura shi sama, haka dare da rana. To bututun ba ruwa kaɗai yake haɗiya ba har da iska, kuma in su biyun suka haɗu a hanya ɗaya sai ka ji ƙwal ƙwal ƙwal, can ya ja wani dogon fuuut ya yi shiru ka ce ya gama, ashe numfashi yake. Da rana mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, na danne ƙarar. Da dare kuwa har haris, mai gadin benenmu, ya taɓa hawowa yana tambaya ko banɗakinmu ne ya toshe.

Na fara da dabarar wani mai kiwon kifi Richard Durso, a sa wa bututun gwiwa bakinta ya nutse cikin ruwa yana kallon ƙasa, a rufe saman a huda ɗan rami iska ta riƙa shiga kaɗan kaɗan. Ƙwal ƙwal ta tafi, tsuuu ta zo, uwargida ta ce gara ta da. Sai na koma wadda 'yan harkar ke kira Herbie, bututu biyu. Na farko bakinsa can cikin ruwa yake, ka sa masa bawul ka yi ta ragewa har ya cika taf da ruwa ba iska ko kaɗan, ya riƙa zuƙa irin zuƙon da ake wa fetur da tiyo, wannan ba ya ƙara sam. Na biyun ya ɗan fi shi tsayi, yana tsaye a bushe, aikinsa jira, ranar da dodon koɗi ko gansakuka ya toshe na farko shi zai kwashe ruwan kafin ya sauka kan kafet. Akwai ma masu sa uku, shi ake kira BeanAnimal, amma ni rami biyu ma da kyar mai gilashi ya yarda ya huda min a baya, ƙasan kuwa ya ce ko nawa zan ba shi ba zai taɓa ba, gasasshen gilashi ne, kana ɗora masa abin huda zai tarwatse. Bawul ɗin kuma sai na zagaye shagunan kayan famfo kafin na samu mai murɗawa a hankali na roba, kowa sai ya miƙo min mai hannu ɗin nan da ake juyawa sau ɗaya, ko na tagulla, in ce tagulla guba ce ga murjani da jatan lande, su bi ni da kallo. Sabbak, mai gyaran famfo, ya zo ya yanka bututun inci ɗaya ya manna ya tafi, na zauna ina murɗawa har abu ya yi tsit.

Tsit fa nake gaya muku. Daren nan ni ne ma na kasa barci, ina ta tashi in duba ko injin ya mutu.

Juma'ar da ta biyo baya surukaina suka zo Jidda daga Makka, Hajiya da Baba, kuma wa zai tuƙo su in ba mijin ƙanwar uwargida ba. Kun san shi, ba sai na faɗi suna ba, mai gyaran mukayyif ɗin nan na Shara Mansur a Makka wanda babu abin da bai sani ba a duniya. Mutumin nan tun ranar da ya fara ganin tankin yake neman rigima da ni. Shi ne ya ce wai Yaya kana zaune a bakin teku kana sayen gishiri a bokiti, ka ba ni jarka biyu in je Kurnish in ɗebo maka kyauta. Na yi masa bayani tiryan tiryan, Bahar Maliya ta fi yawancin tekuna gishiri, nata ya kai kusan giram 40 a lita, ni kuma 35 nake so, ma'aunin gishirina ya tsaya a 1.026, ban da dattin bakin gaɓa, ya gama ji ya tsoma yatsa a tankin ya lasa ya ce ai duk gishiri ne. Shi ne kuma kullum sai ya tambayi kuɗin kifin nan mai ruwan lemo da farin zane a gaban uwargida, da ƙarfi, sannan ya lissafa kilo nawa na kifin hamur za a saya da kuɗin a kasuwar kifi ta Bangala. Direl ɗina da zarton yanka bututu suna wurinsa tun kafin azumi, in na tambaya ya ce in sha Allah. Kuma shi ne mutumin da duk gidan da ya shiga kafin ya gama sallama idonsa na kan soket.

An ci abinci an sha shayi, Hajiya ta ce ai ta ji labari kifayena sun hana 'yarta barci. Na ce Hajiya an gyara, yanzu ko motsi ba za ki ji ba. Ni da ba na iya haɗa ido da ita, ranar ban san me ya hau kaina ba na ce bari ma ku ji da kunnenku. Na kashe mukayyif, na kashe talabijin, na ce yara kowa ya yi shiru. Jidda, bayan la'asar, an kashe mukayyif, mutum tara a falo ɗaya kowa ya fara naso, Baba ya tsayar da carbinsa yana saurare tsakani da Allah. Na ce kun ji? Baba ya ce ban ji komai ba. Na ce yauwa Baba, shi ne aikin.

Da a nan na tsaya da yanzu ina da mutunci a Makka. Sai na ce bari in nuna wa Baba bawul ɗin, na durƙusa na buɗe kabad na cusa kaina da kafaɗuna ciki, ku dai hango yadda nake, jallabiya fara, gwiwa a ƙasa, bayana na fuskantar kujerar da Hajiya da Baba suke. Abin da ban sani ba, tun ina kashe talabijin mutumin naku ya lallaɓa bayan labule ya zare wata fulogi ya sa cajarsa, fulogin injin tura ruwa, shirun da Baba ya yaba ashe na mutuwar inji ne, ruwan sama ya sauka, zuƙo ya tsinke, bututu ya cika da iska. Da ya ji ina cewa ikon Allah ruwan ƙasa ya ƙaru, sai ya yi wuf ya mayar da fulogin bai ce uffan ba. Inji ya tashi, ruwa ya hau, ya danno iskar nan gaba ɗaya ƙasa, kuma sabbak ya bar bakin bututun ya nutse da zurfi a tankin ƙasa alhali kamar inci ɗaya ake so don iska ta fita da sauƙi.

Buuurrrrp. Prrrt. Prrt prrt.

Daga inda kaina yake ta fito, amma kabad ɗin katako ne ya riƙe ƙarar ya fito da ita ta baya, ta daidai inda nake. Kuma ba gajeriya ba ce jama'a, tana da gaɓoɓi, ta yi doguwa ta huta ta ƙaro 'yan ƙanana biyu, can da na ce shi ke nan sai ta kawo wata siririya mai tashi sama kamar tana tambaya. Na zabura zan fito ƙeyata ta bugi katako, gwiwar hannuna ta ture kofin skima. Wanda bai san skima ba, ita ce ke tsamo dattin ruwa da kumfa ta tara shi a kofi, baƙi-baƙi kore-kore, kashin kifi da ragowar abinci na kwana da kwanaki, warinsa ko a buɗaɗɗen fili ba a tsaya masa, balle falo da aka kashe wa mukayyif aka rufe taga. Ƙara ta riga, wari ya biyo, a jere yadda aka saba.

Na fito da baya da baya na juyo, ba wanda ke kallona, kuma wannan ne ya fi ciwo. Baba ya ci gaba da jan carbi da sauri yana kallon silin. Hajiya ta ja gefen mayafinta ta rufe hanci a hankali cikin ladabi wai kar in lura. Uwargida ta sunkuyar da kai kafaɗunta na rawa. Ƙaramin ɗana ne ya fasa, ya ce laa Abba. Na ce bututu ne. Ba wanda ya amsa. Na ce wallahi Baba bututu ne, iska ce ta taru a ciki, Baba ya ce ai haka ne, iska in ta taru dole ta fita, ba komai ɗana, lafiya ce. Na ce a'a Baba iskar bututu, ya ce na gane, na gane. Na ce bari in sake muku ku gani, na kashe injin na kunna, abin haushi wannan karon zuƙon ya kama lafiya lau, 'yan kumfa biyu kawai ya fitar ya yi tsit, na tsaya da fulogi a hannu gumi na bin wuyana, Hajiya ta ce bar shi haka Alhaji, kar ka takura kanka.

Shi kuwa gogan yana tsaye jikin labule da cajarsa a aljihu, ya ga komai ya san komai, kalma ɗaya zai faɗa ya wanke ni, sai cewa ya yi Yaya in buɗe taga? Ya buɗe, ya kunna mukayyif, har da tsayawa yana saurarensa ya ce gas ɗinsa ya yi ƙasa in kira shi wani satin. Sai da suka kai Makka ƙanwar uwargida ta faɗa mata a waya shi ya zare fulogin, suna dariya, kuma har yau bai faɗa wa Hajiya ba, wai ai magana ta wuce.

Ba ta wuce ba, don ranar Lahadi wani direba ya kawo saƙo daga Hajiya, ƙullin yansun da habbatus sauda da 'yar kanwa, da umarnin a riƙa dafa min da dare kuma a rage min ful, wato wake, da safe. Uwargida da ta san gaskiya sarai ta daina sayen ful ɗin, burodin tamis kawai nake ci da shayi.

Bututun dai yana nan shiru abinsa, saura in rage tsawon bakin nan na ƙasa, amma zarton yana Shara Mansur. In akwai mai zuwa Makka cikinku satin nan ya karɓo min, har da direl ɗin in ya samu fuska.