Geron da na tarar a Rajastan

A sanyina na farko a birnin Jodhpur, a jihar Rajastan ta Indiya, matar mai gidan da nake haya ta aiko mini da wata gurasa mai toka-toka, an shafe ta da man shanu, ga gutsuren mazarƙwaila a gefe. Kafin in kai baki na gane ƙamshin. Gero ne, irin wanda Inna ke sussukawa a tsakar gidanmu a Argungu. Su suna kiransa bajra, dawa kuma jowar, tamba ragi. Bayan kwana biyu aka ba ni rabdi, garin gero da aka dafa da tsala aka bari ya kwana ya yi tsami. Ɗan Kabi da ya tashi da fura da nono ba ya buƙatar a yi masa bayanin wannan.

Da na kira gida, Inna ta ce, "Mi kaka ci can?" Na ce mata hatsi. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Kuɗin sun ƙare ne?" Wannan tambayar ta daɗe tana cina, domin ta nuna mini inda muka ajiye gero a zukatanmu. Ya zama abincin ranar da babu. Baƙo ya zo, a dafa masa shinkafa ko taliya. Yaro ya tafi makaranta da biskit da lemon kwalba, ya ji kunyar a gan shi da gumba.

Asalin geron nan namu ne. Masu binciken tarihi sun samo burbushinsa mafi tsufa a arewacin Mali, na kimanin shekara 4,500, daga yankinmu ya ƙetara teku ya iso Indiya. Yau Indiya ce ta fi kowace ƙasa noma shi, Rajastan kuma ita ce kan gaba a cikin jihohinta, saboda ƙasarta rairayi ce, ruwanta kaɗan, kamar tudun Arewa da Dandi a Kebbi. Amma su ma sun taɓa juya masa baya. Daga shekarun 1960 gwamnati ta zuba ƙarfinta kan alkama da shinkafa, ta ba da iri da taki da ruwan ban ruwa, ta riƙa rabawa talakawa alkamar da shinkafar a farashi mai rahusa. Yunwa ta ragu ƙwarai, wannan ba abin musu ba ne. Sai dai gero da dawa sun yi ta ɓacewa daga kwanon mutane. Wani babban bincike da aka fitar a 2023 ya ƙiyasta masu ciwon suga a Indiya sun haura miliyan 100. Zaman birni, zaƙi da rashin motsa jiki duk suna da hannu a ciki, amma likitocinsu suna yawan ambaton farar shinkafa da farin fulawa da ake ci safe da dare.

Yanzu da kuɗi suke neman dawo da abin da suka yar. Jihar Odisha ta ƙaddamar da shiri na musamman a 2017, tana sayen tamba daga hannun manoma tana sa ta cikin abincin ƙananan yara. Indiya ce ta kai buƙata Majalisar Ɗinkin Duniya har aka ware 2023 ta zama shekarar gero da danginsa.

Ina alfahari da shinkafar Kebbi. Fadamar Argungu da Suru ta ci da mu tun kafin a haifi kakanninmu, kuma na yi murna a 2015 da aka buɗe shirin bai wa manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi, na yi murna da buhunanmu suka cika kasuwannin Legas a 2016. Shinkafarmu ma ana turara ta kafin a sheme, wannan yana sa wani ɓangare na amfanin da ke jikin dusa ya shige cikin ƙwaya, don haka ta fi wadda ake ci a wurare da yawa a nan Indiya. Tsorona kawai kada mu bi sawun da Indiya ta bi: a yi ta kirarin amfani guda, manomin tudu da geronsa da dawarsa da wakensa ya zama ba wanda ke tunawa da shi.

A jadawalin abinci na Indiya, giram 100 na gero yana ɗauke da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini sama da miligiram 6, farar shinkafa ba ta kai 1 ba. Ku tuna yawan matanmu masu ciki da ake ce wa jininsu ya yi ƙasa a asibiti. Gero da dawa suna da harza mai sa abinci ya daɗe a ciki, shi ya sa manomi ke shan fura da hantsi ya kai la'asar yana huɗa. Tuwon dawa da miyar kuka da daddawa, ko ɗanwake, haɗi ne da hatsi da wake ko gyaɗa ke cike giɓin juna wajen gina jiki. Iyayenmu kuma sun san jiƙa gero ya kwana kafin a yi kamu, wanda ke rage abin da ke hana jiki tsotsar ƙarfen da ke cikinsa.

Akwai inda mu ma muke ɓata shi. Idan aka yi surfe har ƙwayar ta yi fari tas, rabin alherin ya tafi cikin dusar da za a zuba wa tumaki. Kunun zaƙi da aka cika da sukari, ko fura da aka dama da cokali huɗu, ba za su yi wa mai ciwon suga daɗi ba don kawai sunansu gero. Kawuna ya yi wannan kuskuren. Wani mai maganin gargajiya ya ce masa ya ajiye ƙwayoyin asibiti ya koma kan kunu, sai da aka kwantar da shi mako biyu. Gero abinci ne mai kyau, maganin likita kuma yana nan a matsayinsa.

Abin da nake so in gani a Kebbi ba mai wuya ba ne. Idan za a ciyar da 'yan firamare, a sa kunun gyaɗa na gero ko dambu kwana biyu a mako, a sayi hatsin daga manoman ƙaramar hukumar. Matasan da ke neman sana'a su lura cewa wahalar surfe da daka ce ta kori matan birni daga gero. A nan Jodhpur garin bajra a ƙulle yake a kowane kanti, mace ta saya ta gasa cikin minti goma.

Na roƙi Inna ta daina surfa na tuwon gida sosai, ta bar shi da ɗan duhunsa. Ta ce Baba zai yi magana kan launin. Na ce ta fara da na dare, in ya saba a ƙara. Makon jiya ƙanwata ta turo mini hoton malmala uku a akushi, da miyar kuka a gefe.