A yabi mai motsa fayil, amma a bincika tukuna

A watan Mayun 1940, da yaƙin Hitila ya yi zafi, Firaministan Birtaniya Churchill ya kafa ma'aikatar ƙera jiragen yaƙi ya damƙa ta ga Lord Beaverbrook, mutumin da ba ya jiran zaman kwamiti. Da wayar tarho yake aiki, ko tsakar dare ne sai ya tashi manajan masana'anta. Jaridun Ingila suka yi ta yi masa kirari, kuma ya cancanci kaso mai yawa, domin jiragen sun ƙaru a lokacin da ake matuƙar buƙatarsu.

Sai dai Daily Express, ɗaya daga cikin manyan jaridun ƙasar, tasa ce. Daga baya masana tarihi suka nuna cewa ƙaruwar ta soma tun kafin ya zo, kuma tukwanen alminiyam da ya roƙi matan aure su kawo don a narka a ƙera jirage ba su tsinana abin kirki ba.

Ina goyon bayan jarida ta yabi shugaban da ya tsallake jan ƙafar ofis a lokacin yaƙi. Mu nan Kaduna yaƙi muke ciki, ko ba a kira shi da sunansa ba. Mutanen Birnin Gwari da Giwa shaida ne. Kwana ɗayan da takardar kuɗin mai ko ta alawus ta ƙara a kan tebur, wani ne zai biya da ransa. Amma kalmar “gaggawa” ita ce kuma ƙofar da ɓarawo ya fi so. Ba mu manta da zargin dala biliyan 2.1 na kuɗin makamai da ya fasu a 2015 ba. Kafin ɗan jarida ya buga ganga, ya je ya ga kayan da idonsa, ya tambayi sojan da ke daji ko sun iso.

Ya kuma duba ƙananan ma'aikata. Maƙwabciyata a Kawo mijinta soja ne, ya rasu a bakin aiki. Wata da watanni tana sintiri da fayil ɗin haƙƙoƙin mijinta a leda, kullum “oga bai zauna ba, Hajiya, ki dawo Litinin.” Wani akawu mai furfura ne ya gaji da ganinta a kan benci, ya karɓi fayil ɗin, ya hau bene da ƙafarsa, ya tsaya a bakin ƙofa har aka sa hannu. Ko ruwa bai yarda ya karɓa ba. Yaranta uku sun koma makaranta a zangon da ya biyo baya, kuma har yau ban ga hoton akawun a kowace jarida ba.