Hannun mai tiyata da hannun mai ɗinkin riga

Na karanta wani labari sau biyu, wanda marubucinsa ke cewa a riƙa gwada ƙwarewar likitocin tiyata da wata na'urar duba aikin ƙwaƙwalwa. Abin da ya ja hankalina shi ne bayanin cewa idan aka sa wa mai koyon tiyata na'urar da ke auna gudanar jini a ƙwaƙwalwa da haske, yana ƙulla zaren ɗinki, ɓangaren da ke bayan goshi ne ke ta faman aiki, wato wurin tunani da tsara abu. Shi kuwa ƙwararre, wajen ya lafa, aikin ya koma sassan da ke sarrafa motsin hannu.

Wallahi ban yi mamaki ba. Ni ɗan Birnin Zariya ne, a gidanmu ɗinkin babbar riga ake yi da hannu. Yaro sabon koyo, ko sallama ka yi masa sai allura ta soke shi. Kawuna kuwa yana fitar da aska takwas yana jin rediyo, yana musun siyasa.

Inda na saɓa da marubucin shi ne gaggawar cewa a riƙa gwada likitoci da wannan na'ura. Riga in ta ɓaci a warware, cikin mutum fa? Lafawar ɓangaren ƙwaƙwalwa na bayan goshi ba ta nuna likita zai san abin yi in jini ya ɓalle.

Ƙanwata da ke karatun likita a asibitin koyarwa na Shika kullum da dare tana ƙulla zare a ƙafar kujera. Na ce mata ta riƙa samun barci, domin barci na taimaka wa ƙwaƙwalwa ta kafa abin da hannu ya koya da rana. Ta ce, "Yaya, bari sai bayan jarrabawa."