Yawan tuni ba ya gaggauta sa shago a Google Maps

Wasu ƴan kasuwar Maradi suna zaton idan suka tura sunan shagonsu a Google Maps bai fito ba, sake turawa kullum ne zai hanzarta shi. Ba haka ba ne. Google sai ya tabbatar shagon na nan, wani lokaci ta lambar da yake aikowa a waya, wani lokaci ta bidiyon da za ka ɗauka na allon shagon da cikinsa. Dubawar kan ɗauki kwanaki. Mai turawa sau uku kuwa, yana iya haifar da shaguna biyu masu suna ɗaya, gyaransu ya fi jiran wahala.

In mako ya wuce shiru, rubuta wa Google saƙo ɗaya, a takaice, da sunan shago da unguwa kamar yadda ka tura su da farko.