Abin da marubucin labarin ban tsoro zai ɗauka daga fim, da abin da zai bari a can

'Yan uwa marubuta, musamman masu rubuta gajerun labaran ban tsoro, akwai wani ciwo da ke kashe labarai masu kyau tun edita bai kai shafi na biyu ba. Da yawa daga cikinmu finafinan almarar kimiyya ne suka fara nuna mana yadda ake gina tsoro, kuma wannan ba aibi ba ne. Matsalar ita ce a kwaso kayan aikin fim a jibge su a takarda, ana zaton za su yi aiki iri ɗaya.

Fim yana da kiɗa, da ƙara, da duhu, kuma darakta ne ke yanke daƙiƙar da za ka ga abu. Mai karatu kuwa linzami a hannunsa yake. Idonsa kan leƙa layin ƙasa kafin ya gama na sama, yana iya tsayawa, yana iya komawa baya. Shi ya sa "kwatsam sai ga wani abu ya faɗo!" ba ta razana kowa a rubutu, ko ka jera mata alamar motsin rai biyar.

Abin ɗauka daga fim guda biyu ne: rufaffen wuri da dokar da abin tsoron ke bi. A fim ɗin Alien na 1979 mutum bakwai ne cikin jirgin sararin samaniya, babu inda za su gudu, kuma an jima ba a nuna halittar gaba ɗayanta ba. The Thing na 1982 ya fi koyar da marubuci. Halittar tana rikiɗa ta zama kamar mutumin da ta cinye, kuma kowane ɓangare nata yana da ransa, har jininta. Da mutanen suka gane haka sai suka ɗebi jinin kowa suna taɓa shi da waya mai zafi, don na halittar zai guje wa wuta. Tsoron wurin daga jira yake zuwa. Ka san dokar, ba ka san kan wa za ta faɗa ba. Wannan yana aiki a takarda sarai, domin a ƙwaƙwalwar mai karatu yake faruwa.

To ga yadda nake ganin ya kamata a gina labari mai kalma 3,000 zuwa 4,000. Mutane kada su wuce uku ko huɗu, wuri ɗaya, lokaci gajere. Cikin kalma 300 na farko mai karatu ya ji wani abu ba daidai ba, ko da ƙarami ne, kamar ƙofar da aka kulle aka tarar a buɗe. A kashin farko ka dasa dokar abin tsoron, a tsakiya wani ya gwada ta ta tabbata, a ƙarshe ta ci wanda mai karatu ya fi damuwa da shi. Idan ka karya dokarka don ka kuɓutar da jarumi, ka yaudari mai karatu, kuma zai gane.

Wajen siffanta dodo nan aka fi zamewa. Ana rubuta tsayinsa, da haƙora, da launin ido, kamar ana ba mai zane umarni. Da zarar an ƙirga haƙoran, tsoro ya ragu. Siffa biyu ko uku sun isa, kuma ka zaɓi waɗanda kyamara ba ta iya ɗauka: wari, ɗumin kujerar da babu wanda ya zauna a kai, tunanin mutumin da ya fara shakkar idonsa. A nan rubutu ya fi fim ƙarfi, kuma abin yana min ciwo yadda muke barin wannan filin ba noma. Haka bayanin kimiyya: sakin layi uku kan yadda na'ura ke aiki yana tsayar da labari cak. Faɗi abin da take yi da abin da ke faruwa idan ta lalace, ka wuce.

Sai batun bugawa. A rabe-raben da kyaututtukan Hugo da Nebula, waɗanda ake ba marubutan almarar kimiyya, ke bi, gajeren labari shi ne wanda bai kai kalma 7,500 ba, amma kowace mujalla tana da nata iyakar, kuma wanda ya wuce ta sau da yawa ba a ma karanta shi. Karanta sharuɗɗansu kafin ka tura. Yawanci ana son haruffa masu girman 12, tazara biyu tsakanin layuka, da adadin kalmomi a shafin farko. Wasu mujallu ba sa yarda ka tura labari ɗaya wurare biyu a lokaci guda; waɗanda suka yarda kuma, in wani ya karɓa ka janye daga sauran nan take. Riƙe jadawali mai sunan labari, inda ka tura, da ranar. In an ƙi, kada ka yi gardama da edita, tura wani wuri.

Kuskuren da ya fi tsada shi ne sakin labarin a Facebook don jin ra'ayin mutane. Mujallu da yawa haƙƙin bugawa na farko suke saye, kuma duk abin da jama'a suka riga suka gani a intanet a wurinsu bugagge ne. Ba wa mutum biyu ko uku su karanta a keɓe.

In yarjejeniya ta zo, duba tsawon lokacin da za su riƙe labarin su kaɗai, wanda sau da yawa wata shida ne zuwa shekara, da ranar da haƙƙi zai dawo hannunka. Kada ka biya kuɗi don a buga maka. Sannan ka nemi layin da ya ambaci haƙƙin mayar da labari fim, ka ce a cire shi, domin mujalla ba ta buƙatarsa don ta buga. Labarin mujalla kan iya zama fim: The Thing ɗin nan daga labarin da John W. Campbell ya fitar a mujalla a 1938 ya samo asali. An fara mayar da shi fim a 1951, aka sake a 1982.