Kafin a kawo mana tashar nukiliya, wa ke da ikon cewa a kashe ta?

Jama'a, tukunyar nukiliya (wato na'urar da ake sarrafa yuraniyom a cikinta ya ba da zafi) ɗaya tilo da ke aiki a Najeriya a jiharmu take, kuma da yawanmu a Kaduna ba mu ma san da ita ba. Tana Zariya, a cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, tun 2004. Ƙarama ce ƙirar ƙasar Sin, ƙarfinta bai wuce kilowat 30 da 'yan kai ba, kuma ba wuta take bayarwa ba, gwajin ƙasa da ma'adinai da abinci ake yi da ita. A 2018 aka sauya mata makamashi, aka mayar da yuraniyom ɗin da aka tace sosai can Sin, aka zuba wanda ba ya yin bam. Sama da shekara ashirin ba a ji wani tashin hankali daga wurin ba. Don haka masu cewa ɗan Najeriya ba zai iya riƙe nukiliya ba, su ɗan sassauta.

To amma tashar wuta wata aba ce daban. Tun 2017 gwamnati ta sa hannu da kamfanin Rosatom na Rasha, ana ambaton Geregu a Kogi da Itu a Akwa Ibom a matsayin wuraren da za a gina tashoshin. Abin da masu goyon baya ke ɗagawa kullum shi ne ƙwazon aiki, kuma suna da gaskiya. Tashoshin nukiliyar Amurka suna bayar da sama da kashi 90 cikin 100 na wutar da za su iya bayarwa a shekara. Tukunya ɗaya takan yi wata 18 zuwa 24 tana aiki dare da rana kafin a tsayar da ita a sauya makamashi. Ba ruwanta da ruwan Shiroro ya ja baya da rani, ba ruwanta da an fasa bututun gas. Duk mai walda a Panteka da ya ji haka dole ransa ya biya.

Ni damuwata ita ce wannan adadi mai kyau yana iya rufe ɓarna. Motar hayar da ta shekara tana Kawo zuwa Zariya ba ta taɓa kwana a gareji ba, ko dai lafiyayya ce, ko kuma mai ita ne ya hana bakanike ya leƙa ƙarƙashinta. A littafin balas duk ɗaya suke.

Ku dubi abin da ya faru a tashar Davis-Besse da ke jihar Ohio a Amurka, wadda a lokacin mallakar kamfanin FirstEnergy ce. Ruwan da ke sanyaya tukunyar akwai wani sinadari mai ɗan tsami a ciki, na boron. Wani bututu a saman murfin tukunyar ya tsage, ruwan yana tsattsafowa kaɗan-kaɗan, yana bushewa, yana cin ƙarfe. Shekaru ana haka. Alamu kuwa sun bayyana: ma'aikata sun ga dasƙararren abu mai launin tsatsa ya taru a kan murfin, matatun iska na cikin ginin suna toshewa da jar ƙura har ana sauya su fiye da yadda aka saba. Aka riƙa share abin da ake iya sharewa ana komawa aiki, saboda kowace rana da tasha ta tsaya kuɗi ne masu yawa. A ƙarshen 2001 hukumar sa ido kan nukiliya ta Amurka ta so a tsayar da tashar a duba, kamfanin ya roƙi ƙarin lokaci, aka bar shi har Fabrairun 2002. Da aka buɗe a watan Maris, sai ga rami ya ci ƙarfe mai kaurin kusan santimita 15. Abin da ya rage tsakanin ruwa mai tsananin zafi da matsi da kuma waje, wani siririn ƙarfe ne da bai kai santimita 1 ba, shi ma ya fara kumbura. Tashar ta yi shekara biyu a rufe, kamfanin ya biya tarar dala miliyan 28 kan ɓoye gaskiya. A Amurka fa ke nan, bayan darasin hatsarin tashar nukiliya ta Three Mile Island na 1979, kuma hukumar da ke da haƙora ita ma ta yi sanyi da aka matsa mata.

Yanzu ku kawo wannan gida. Muna da hukumar sa ido kan nukiliya, NNRA, wadda dokar 1995 ta kafa, ta fara aiki a 2001. Ranar da sufetonta zai ce a kashe tashar da ke ba rabin Arewa wuta, wata biyu kafin zaɓe, wa zai tsaya masa? Waya ɗaya daga sama, sai a ce masa ya yi haƙuri a wuce zaɓe. Ƙaramin injiniyan da ya ga tsatsa kuma, ya san in ya rubuta rahoto sunansa mai neman tona asirin oga. Mu da muka taso da "rufa mini asiri" da "a bar kaza cikin gashinta", sai mun yi da gaske a nan.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba. Tukunyar nukiliya ko an kashe ta ba ta hucewa nan take. A daƙiƙun farko tana fitar da kusan kashi 6 zuwa 7 cikin 100 na zafinta, yana raguwa a hankali, kuma sai famfuna sun ci gaba da zagaya ruwa kwana da kwanaki. Famfunan kuma wuta suke sha daga babban layin ƙasa, in ya ɗauke sai janaretocin dizal. A tashar Fukushima ta ƙasar Japan a 2011 tukwanen sun kashe kansu daidai lokacin girgizar ƙasa. Layin waje ne ya yanke, igiyar ruwa ta cinye janaretoci, tukwane uku suka narke. Mu kuwa babban layinmu faɗuwa yake yi sau da dama a shekara, kuma ba mu manta Oktoban 2024 ba, lokacin da aka lalata layin Shiroro zuwa Mando, na Ugwuaji zuwa Apir ya biyo baya, Arewa ta kwashe sama da mako a duhu. Ƙa'idar masana ita ce kada tukunya ɗaya ta wuce kusan kashi 10 cikin 100 na ƙarfin layin ƙasa. Mu muna rarraba megawat 4,000 zuwa 5,000 ne. Irin tukunyar da Rasha ke gina wa Masar a El Dabaa megawat 1,200 ce. In ta tsaya farat ɗaya, da ita za mu faɗi, ita kuma a lokacin ne take buƙatar wutarmu.

Ban ce kada a yi ba, Afirka ta Kudu na gudanar da tashar nukiliya ta Koeberg tun 1984. Amma ni a jerina, sai an gyara layin ƙasa ya daina faɗuwa, an ba NNRA kuɗinta kai tsaye, an kuma yi dokar da ta hana a tsige shugabanta don ya rufe tasha. Sannan gwamnatin tarayya ta zo ta yi mana bayanin tashar Kudenda mai megawat 215 da ke nan bayan gari, wadda aka bayar da kwangilarta tun 2009, ta yi sama da shekara goma ba ta haska ko ƙwan fitila ɗaya a Kakuri ba.